Ɗakin ɗaukar murya na sha'irai makafi a Jidda: yadda aikin ke tafiya

Asabar, 4 ga Oktoba 2025

Abin da ake nema shi ne sha'irai huɗu masu larurar gani, biyu daga cikinsu haifaffun Hijaz, su riƙa ɗaukar ƙasidunsu da kansu a ɗakin majalisar wani gida a nan Jidda, ba sai an biya situdiyo kuɗin awa ba, ba kuma sai an jira yaro mai ido ya taso daga makaranta ya riƙe musu linzami ba. Kayan waƙar ba su da yawa: muryar jagora, 'yan amshi, bandiri, wani lokaci fiyano a ƙasa-ƙasa.

Ma'aunin da za a gwada kowace manhaja da shi guda ne. Makaho ya kunna kwamfuta, ya buɗe aiki, ya zaɓi makirufo, ya san ƙarfin sautin da ke shiga, ya ɗauka, ya yanke inda ya ɓaci, ya fitar da fayil ya tura, duk da allon a kashe. Duk inda aka tsaya aka ce a kira wani ya duba, manhajar ta faɗi a wannan matakin, komai sunanta a kasuwa.

An tsayar da Windows da NVDA, manhajar da ke karanta wa makaho allo da murya, a matsayin tushe. NVDA kyauta ce, makafi biyu 'yan Ostareliya, Michael Curran da James Teh, su suka rene ta tun 2006, kuma mutanenmu sun riga sun saba da ita wajen karatu. Kwamfutar ta hannu za a saya a haraj, kasuwar kayan hannu, amma da sharaɗi: Microsoft za ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga wannan wata, Windows 11 kuma tana neman furosesan Intel na zubi na 8 zuwa sama da guntun tsaro TPM 2.0. Arahar da ta gaza wannan a bar ta. RAM giga 16, ma'ajiya SSD, ramin USB aƙalla uku.

Asabar, 11 ga Oktoba

An gwada manhajoji, an kuma karanta bayanan waɗanda ba a da su a hannu.

FL Studio da Cubase su ne mafi yawan masu haɗa kiɗa suka sani, kuma da an samu a yi aiki da su da musayar fayil ta yi sauƙi. Sai dai suna zana fuskarsu da kansu, ba sa amfani da maɓallan da Windows ta tanada, don haka NVDA ba ta samun abin karantawa sai kaɗan. Ga makaho kamar a tsayar da shi gaban shafaffen bango ne a ce ya lalubo ƙofa. Logic Pro na aiki da VoiceOver, mai karanta allo na Apple, amma sai da kwamfutar Apple, ita manhajar kuma kusan dala 200 ce, wato riyal 750. Pro Tools ma a kan Apple makafi suke cin moriyarta, da taimakon Flo Tools. Ableton Live ta fara magana da manhajojin karanta allo a siga ta 12 da ta fito a 2024, abin a yaba, amma ƙarfinta yana wajen gina kiɗa da guntaye masu maimaituwa, mu kuwa doguwar murya muke ɗauka.

Saura biyu. Audacity kyauta ce, NVDA na karanta ta sosai, kuma don ɗaukar karatu ko wa'azi da makirufo ɗaya babu abin da za a nema a wani wuri. Inda ta tsaya mana: sigar da ake saukewa ba ta zuwa da ASIO, direban sauti mai rage jinkiri, don haka ɗora amshi a kan muryar da aka riga aka ɗauka yana buƙatar a auna jinkiri a gyara da hannu, sannan ba ta ɗaukar abin da aka buga a fiyano ta MIDI. An bar ta a kwamfutar don ƙananan ayyuka.

REAPER aka ɗauka. Kamfanin Cockos ne ke yin ta, fayil ɗin saukewa bai kai mega 20 ba, ana gwada ta cikakkiya kwana 60, lasisin mai amfanin kansa ko mai ƙaramar sana'a da kuɗin shigarsa bai wuce dala 20,000 a shekara ba dala 60 ne, riyal 225. Wanda ya saya a siga ta 7 lasisinsa zai kai shi ƙarshen ta 8. Ita kaɗai ba ta isa ba, sai an ɗora mata OSARA, ƙarin da shi James Teh ɗin ya fara, wanda ke sa ta faɗi duk abin da aka taɓa. A rufe REAPER kafin a sa OSARA, kuma idan ta tambaya ko a maye gurbin tsarin maɓallai da nata, a amsa da e. Wanda ya ƙi, zai ji magana amma duk darussan da makafi ke koyarwa da su ba za su yi daidai da yatsunsa ba. A ƙara SWS, wani ƙari na REAPER, a tabbata duka ukun na 64-bit ne.

Juma'a, 17 ga Oktoba

Ranar farko a kan kibod, kuma matsalolin da suka taso ba na REAPER ba ne.

A tsarin OSARA, kibiyar sama da ta ƙasa suna yawo tsakanin layukan sauti, F5 na toshe layi, F6 na ware shi shi kaɗai, F7 na shirya shi don ɗauka, R na fara ɗauka, dogon maɓallin tazara na kunnawa da tsayarwa. F12 kuwa malami ne: idan aka danna shi, duk maɓallin da aka taɓa sai a ji aikinsa ba tare da ya aikata ba. Sabon shiga ya yi awa guda a nan kafin ya taɓa komai. To amma a yawancin kwamfutocin cinya layin F ɗin an ba shi aikin ƙara haske da rage ƙara, sai ka danna F7 ka ji shiru. Ana juya wannan da Fn da Esc a wasu, a wasu kuma sai an shiga BIOS, saitin tushe na kwamfutar, inda babu mai karanta allo. Wannan aikin mai ido ne, sau ɗaya, kuma an yi shi yau.

Ta biyu ta fi ɓoyuwa. Kwamfutocin nan suna da kibod biyu, na Larabci da na Ingilishi, Windows kuma tana sauya su da Alt da Shift. Umarnin OSARA da yawa suna farawa da waɗannan maɓallai biyu, hannu ya ɗan yi jinkiri sai harshe ya juya ba a sani ba. Maɓallan baka biyu da ke dama da P, waɗanda ake kafa farko da ƙarshen yankin da za a yanke da su, a kibod na Larabci jimun da dalun ne. Mutum na dannawa, babu abin da ke faruwa. An shiga saitin kibod an cire Alt da Shift daga sauya harshe, an bar maɓallin Windows da na tazara kaɗai.

Muryar karatu: Naayf da ke zuwa da Windows tana karanta Larabci lafiya, ta Ingilishi na karanta menu. Sunayen layuka an rubuta su da boko ba lanƙwasa, gajeru, yadda muryar Ingilishi ba za ta murɗe su ba: Jagora, Amshi 1, Amshi 2, Bandiri.

Asabar, 25 ga Oktoba

Akwatin sauti ya iso, mai ramin makirufo biyu, da makirufo biyu na dainamik. An zaɓi mai maɓallan murɗawa da ke da farko da ƙarshe, domin yatsa ya san inda yake. Waɗanda ke juyawa ba iyaka, fitila ce kaɗai ke nuna matsayinsu, kuma fitila ba ta da amfani a ɗakin nan. An ɗiga gam mai tauri a kan kowane maɓalli a matsayin alama, an manna tef mai kaushi kusa da maɓallin 48V, mai tura wuta zuwa makirufo, don kada a danna shi da kuskure.

Babban aikin yau raba hanyar sauti ne. Idan NVDA da REAPER suna fita ta akwati ɗaya, abu biyu kan faru. Ko dai direban ASIO ya riƙe akwatin shi kaɗai NVDA ta yi gum, wanda direbobin gama-gari suka fi yi, a bar makaho da kwamfutar da ba ta magana. Ko kuma maganar NVDA ta shiga kunnen mai waƙa tana tsakiyar baiti. Maganin: a saitin sauti na NVDA a zaɓi katin sautin kwamfutar kanta, mai sarrafawa ya sa ƙaramin abin kunne ɗaya a ramin kwamfutar, hedifon na akwati a kansa. REAPER kuma ta bi direban da masu akwatin suka yi. A kashe rage sautin da NVDA ke yi wa sauran manhajoji idan tana magana, maɓallin NVDA da Shift da D ke juya shi.

An daidaita Windows da REAPER duka a kan auna sauti sau 48,000 a daƙiƙa, zurfi 24-bit. Idan ɗaya na kan 44,100 ɗaya na kan 48,000, ana jin ƙaf-ƙaf ko murya ta sauya kauri. A wannan saiti kowane layi yana cin mega 8.6 a minti, ƙasida mai minti 12 da layi shida ta haura mega 600 kafin a ƙirga maimaici.

Bafa, wato adadin guntayen sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta sarrafa: 128 jinkirinta kashi 2.7 ne cikin dubu na daƙiƙa, 256 kuma 5.3, 1024 ta kai 21, kuma wannan tafiya ɗaya ce, zuwa da dawowa ya ninka har da ɗoriya. Mai waƙa yana fara jin muryarsa na bin sa a baya tun kafin a kai 1024. An tsaya a 256 wajen ɗauka, sannan an kunna maɓallin sauraron kai tsaye na akwatin, an kashe sauraron cikin REAPER da F8. Idan aka bar biyun a kunne murya na fita biyu-biyu kamar a cikin bututu.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Ɗakin mita 4 ne da 3 da rabi, tayil a ƙasa, bango siminti, mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, na taga. Tafi ɗaya ya isa a ji yadda yake amsawa. An shimfiɗa kafet biyu, an jingina matasan majalisa a tsaye a kusurwoyi, an rataya bargo mai nauyi a bayan mai waƙa da tazarar taƙi ɗaya daga bango. A bayansa, domin makirufo yana kallon bakin mai waƙa ne, abin da ya dawo daga bangon da ke bayansa shi yake shiga kai tsaye. Kwalin ƙwai da ake mannawa a bango ba ya tare komai sai ƙura.

Mukayyif dole a kashe shi lokacin ɗauka. Ana sanyaya ɗakin sosai, a kashe, a yi aikin kwata guda, a kunna. Lokacin da ya fi dacewa bayan isha'i ne, an gama kiran salla a masallatan unguwa. Kwamfutar an ajiye ta mita biyu daga makirufo, ta bayansa inda ba ya ji, saboda fankarta.

Akwai gunjin wuta a ƙasan sautin. Wutar Saudiyya tana kaɗawa sau 60 a daƙiƙa, ta Najeriya da Nijar da Sudan sau 50. Saitin tace gunji da aka turo daga wani situdiyo a gida yana yanke 50 da 100 da 150, a nan bai taɓa komai ba, namu yana 60 da 120 da 180. Amma kafin a tace a nemi tushen. An zare cajar kwamfutar, gunjin ya ɗauke. Soket ɗin ɗakin ba shi da wayar ƙasa, kamar yadda ake samu a tsofaffin gidaje, wasunsu ma har yanzu da layin 127 da na 220 a gida ɗaya. Har a kira mai gyaran wuta, a kan batir ake ɗauka.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Ɗauka ta farko ta gaske, kuma makaho ne a kan kibod.

Auna ƙarfin sauti ba da ido ba: J da K suna faɗin ƙololuwar sautin layin da ake kai da lamba. Alt da W na buɗe mai gadin ƙololuwa, an saita shi ya yi magana idan sauti ya kai desibel 6 ƙasa da sifili. Ana sa sha'iri ya rera baitin da ya fi ɗaga murya a ciki, ba na farko ba, a murɗa har ƙololuwa ta zauna tsakanin 12 da 8 ƙasa da sifili. Sha'irai suna farawa a sanyaye, sai baiti na goma shauƙi ya kama su. Wanda ya auna da buɗewa zai tarar da tsakiyar ta fashe, fashewa kuma ba ta gyaruwa.

Tazara da makirufo ita ce ta fi cin lokaci. Mai gani yana gyara tsayuwarsa da ido, wanda ba ya gani kuma jikinsa na rangaji da waƙar, murya na kusantowa tana nisa. An ɗaure ragar tare iska yatsu huɗu daga makirufo, an ɗaura zare mai ƙulli a sandar, mai waƙa na riƙe ƙullin a ƙirjinsa.

"Baba Malam, zaren ya saki, ka matso da yawa."

"To ɗana, ja ni baya. Daga ina zan kama?"

"Daga amshi na uku. Za ka ji bugu huɗu, sai ka shiga."

Bugu huɗun nan su ne madadin ɗaga hannu da ake yi a situdiyo. An kunna ƙidayar shiga a saitin metronom, amma an kashe shi a cikin waƙar kanta. An gwada ɗauka da shi, ƙasidar ta sandare. Tafiyar bandiri tana ɗan ƙara sauri yayin da waƙa ke zafi, kuma haka ake son ta. Tsarin da aka tsayar: jagora da mai bandiri su yi ta tare sau ɗaya a matsayin jagorar hanya, sannan a sake ɗaukar kowanne shi kaɗai a kanta.

An kashe akwatin tambayar da ke fitowa bayan kowace ɗauka yana neman a ajiye ko a goge, yana cikin saitin ɗauka. Komai a ajiye, Ctrl da Z na nan.

Juma'a, 14 ga Nuwamba

Bandiri. Makirufo santimita 25 zuwa 30 daga fata, yana kallon tsakanin tsakiya da baki. A tsakiya sosai iska ce ke bugun makirufo. Fatar kuma tana bin yanayi: danshin Jidda na sassauta ta, sanyin mukayyif na sake sauya ta, don haka ɗaukar farkon dare da ta bayan awa guda ba muryarsu ɗaya ba, idan aka haɗa guntayensu kunne na kama wurin ɗinkin. A ɗumama fatar da na'urar busar da gashi kafin kowace ɗauka, a gama bandirin ƙasida ɗaya a zama ɗaya.

'Yan amshi uku a makirufo ɗaya, sau biyu, ɗaya a karkata hagu ɗaya dama. Ya fi kwafin layi ɗaya a manna, wanda ƙara kawai yake ƙarawa.

Asabar, 22 ga Nuwamba

Batun da aka daɗe ana jan sa: gyaran murya da fiyano.

Ƙasidun gida yawancinsu a kan sauti biyar suke tafiya, kuma fiyano na ɗaukarsu ba gardama. Haifaffun nan kuwa suna rera na Larabci a kan maƙaman Rast da Bayati, wato tsarin sautukan waƙar Larabawa, inda wasu sautuka ke zaune a tsakanin maɓallai biyu na fiyano. ReaTune, mai gyaran murya da ke cikin REAPER, sautuka 12 ta sani. Aka sa ta a kan Bayati sai ta riƙa jan sauti na biyu sama ko ƙasa, waƙar ta tashi daga maƙaminta. Ɓangarenta na gyara da hannu kuma zane ne da linzami. An cire ta gaba ɗaya. Baitin da ya kauce a sake rera shi: a kafa farkonsa da ƙarshensa, a sa yanayin ɗauka mai shiga da fita da kansa a yankin da aka zaɓa, T na zagaya ɗaukokin a zaɓi mai kyau. Idan kalma ɗaya ce, a yanke ta a rubuta gyaran a bayanan guntun, yana karɓar ɓangaren sauti kamar 0.15.

Fiyano an warware shi da Surge XT, manhajar samar da sautin kiɗa, kyauta ce, an gina ta yadda mai karanta allo ke bin maɓallanta, kuma tana karɓar fayil ɗin Scala, wanda rubutu ne zalla da ake yi a Notepad. Layin farko suna, na biyu 12, sannan matsayin kowane maɓalli: 100.0, 200.0, 300.0, 350.0, 500.0 har zuwa 1000.0, 1050.0, a rufe da 2/1. Wato Mi da Si an sauke su rabin tazarar da ke tsakanin maɓallai biyu. Daga Do ya ba da Rast, daga Re da baƙin maɓallin Si ya ba da Bayati. Ɗigon nan wajibi ne, lambar da ba ta da ɗigo Scala na ɗaukarta a matsayin rabo, sautin ya tafi wani wuri dabam. 350 lissafin littafi ne, kunnen sha'iri ya nemi a ɗan ɗaga, an bi kunnen.

Fulogin na waje, wato ƙananan manhajojin sarrafa sauti da ake ɗorawa a kan REAPER, an taƙaita su. P na jero maɓallan kowane fulogin a karanta a sauya, amma tagar rajista da ta lasisi ba sa cikin jerin, kuma a nan ake maƙalewa. NVDA da R na karanta hoton allo, wani lokaci ya fitar da mutum. ReaEQ da ReaComp na cikin REAPER sun ishe mu: yanke ƙasa da 90 a muryoyi, matsewa kashi 3 bisa 1, ragin da bai wuce desibel 4 ba.

Asabar, 6 ga Disamba

Rubutun notar kiɗa an duba shi a gurguje. MuseScore 4 kyauta ce, tana aiki da NVDA, sigoginta na baya-bayan nan suna nuna nota da rubutun makafi. LilyPond rubutu ne zalla kuma tana da tanadin maƙamai. Mutum ɗaya ne cikin huɗun ke da bukatarsu, don yana koyon ud, molon Larabawa. Sauran a ka suke tsara waƙa su riƙe ta, yadda Aliyu Namangi na Zariya ya yi nasa baitocin. Abin da ya fi musu amfani layi ne mai suna Tunani a cikin kowane aiki, inda ake rera karin da ya zo kafin ya gudu, da alamar M a farkon kowane baiti don a riƙa tsallakawa.

Asabar, 13 ga Disamba

An yi cikakken gwaji da allo a kashe. Biyu sun kai ƙarshe ba taimako. Ɗaya ya tsaya a tagar fitar da fayil, mai cike da akwatuna, don haka an ajiye saiti biyu da suna: WAV don ajiya, MP3 mai 192 don turawa, duka an daidaita ƙararsu a 14 ƙasa da sifili a ma'aunin LUFS, ƙololuwa kada ta wuce 1 ƙasa da sifili. A WhatsApp a tura shi a matsayin takarda. An ajiye samfurin aiki mai layuka shida da aka riga aka saita, kuma kowane sabon aiki a jakarsa da sautukansa a ciki, don kada a kwafe shi zuwa filashi a tarar babu murya.

Kwana 60 na gwaji sun cika, an biya lasisi. Mai gyaran wuta zai ja wayar ƙasa ranar Talata. An sayo ƙaramin kibod na lambobi mai USB da za a ɗaure a sandar makirufo, maɓalli uku kawai, ɗauka da tsayawa da janyewa, don wanda ke ɗaukar kansa shi kaɗai; sai an kunna Num Lock kafin NVDA ta sakar masa lambobin. Na huɗunsu yana Makka, za a gwada koya masa ta hanyar sarrafa kwamfuta daga nesa da NVDA ta shigo da ita a sigar 2025.1. Ƙasidu uku ake son kammalawa kafin azumi, wanda zai kama bayan tsakiyar Fabrairu. An gama ɗaukar ta farko, ta biyu saura amshi.